Tarin Moyna

Nabipur, Murshidabad
9 ga Agusta, 2005

Ƙanwata Tuni,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai. A bayan ambulan na rubuta Mahfuza Khatun don kada masu gadin makarantarku su ce ba su san wata Tuni ba, amma a ciki ba zan wahalar da alƙalamina ba. Mahaifiyarmu Ammu lafiyarta ƙalau, sai ciwon gwiwar da kika sani. Matata Selima tana gaishe ki. Ta ce in tambaye ki ko mutanen Bangalore sun koyi dafa kifi, ko har yanzu tsamiya suke zuba wa komai.

Mun yanke rama, yau kwana goma sha biyu tana jiƙe a rafi. Da na tashi daga koyarwa sai in tuɓe riga in shiga ruwa har ƙugu. Gari duk ya ɗauki warin nan da kike gudu.

Sai maganar 'yata Moyna. Ta cika shekara bakwai watan jiya, tari kuma yana nan yadda kika bar shi. Wannan ne karo na biyu da aka ɗora ta kan maganin tarin fuka, mun shiga wata na huɗu. An gwada kakinta sau uku ba a ga komai ba, amma likita ya ce a ci gaba. Maganin yana hana ta cin abinci. Hedimasta ya kira ni gefe ya ce iyayen yara suna magana, ko za ta ɗan zauna a gida. A makarantar da nake koyarwa shekara goma sha ɗaya, Tuni. Na ce masa to.

Ga abin dariya ɗaya. Mun je Baharampur ɗaukar hoton ƙirji. Mai ɗaukar hoton ya ɗaga fim ɗin ya duba, ya ce, "Malam, ko dai zuciyar 'yarka ta yi ƙaura zuwa dama, ko ni ne na juya fim ɗin baya." Ya juya shi, ya gyara alamar da biro, ya ba mu. Moyna ta ce ita dai ba ta ji lokacin da aka kwashe kaya ba.

Ki taimaka ki rubuto mana ainihin abin da kike yi a can. Ammu tana gaya wa mutane kin kusa zama dokta, su kuma suna kawo mata labarin ciwon bayansu don ta aiko miki.

Yayanki,
Anisur

*

Bangalore
24 ga Agusta

Bhaiya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. A gaishe da Ammu, a gaishe da Bhabi Selima, a ce mata a'a, ba su koya ba. Rabona da kifi mai man mastad tun da na baro gida. A sumbatar mini Moyna.

Ka gaya wa Ammu doktan da zan zama ba ya yin allura. Aikina kallon zare ne. A cikin naman jikin mutum akwai wasu zaruruwa ƙanana, in ka tsaga silin gashi gida dubu goma ka kusa kaurinsu. Ba su da tauri kamar allura, ba su kuma da laushi kamar zaren ɗinki, suna tsakani. Mukan ciro su daga tsoka, mu shafa musu wani rini mai haske, mu tura su da ruwa cikin wata siririyar hanya a kan gilashi, sannan in zauna ina kallo ta madubin ƙara girma. In ruwan yana tafiya a hankali, zaren yakan miƙe ya yi ta juyawa kamar kara a rafi. In na ƙara ƙarfi sai ya lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun kifi, kan ya komo ya bi wutsiya. In na ƙara kuma sai ya nannaɗe. Ni kuma in auna, in rubuta a daidai wane ƙarfi ne ya daina gardama ya tanƙwara. Shekara biyu ke nan. Kada ka yi dariya, ka fi ni sanin yadda rama take yi in kana wanke ta a ruwa mai gudu.

28 ga wata. Ban aika wasiƙar ba, don wani abu ya faru.

Wata likitar yara ta zo ɗakin gwajinmu aron kyamararmu mai sauri. Ita kuma nata zaren daban ne. Daga hanci har cikin huhu akwai ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa ba dare ba rana, suna tura majina da ƙura zuwa sama. Akwai yaran da ake haifa gashin nan nasu ba ya kaɗawa, sai majina ta kwanta a huhu. Na tambaye ta yadda ake gane su. Ta ce tari mai kaki tun daga haihuwa, hanci ba ya bushewa, kunne yana ruwa, kuma sau da yawa a yi ta ba su maganin tarin fuka a banza. Sannan ta ce rabinsu zuciyarsu a dama take.

Bhaiya, sai da na nemi kujera. Ina jin mutumin nan bai juya fim ɗin ba.

Abu ne na gado. Sai yaro ya samo shi daga uba da uwa duka biyu, shi ya sa ya fi yawa inda aka yi auren zumunci kamar naku. Ba ya warkewa.

Amma ba a ɗaukarsa daga wani, kuma akwai abin da ake yi kullum a fitar da majinar, yaran su girma su yi rayuwarsu. Gwajin ba shi da wuya. Ka kawo ta nan. Ka rubuto da wuri.

Taka,
Tuni

*

Bangalore
20 ga Oktoba

Bhaiya,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Yau kwana hamsin da uku. Na ɗauka ambaliya ce ta tsare wasiƙu, sai Rafik na gidan Mondal ya zo nan neman aiki ya ce hanya lafiya lau. Sau biyu na buga waya shagon kasuwa, mai shagon ya aika a kira ka, aka ce ba ka nan. Karo na biyu na ji kiran sallar la'asar ta cikin wayar. Na san a gari kake a wannan lokacin.

In na yi laifi ka gaya mini. Yaya Moyna?

Tuni

*

Nabipur
7 ga Nuwamba

Mahfuza,

Wa alaikumus salam. Mun yi sallah lafiya. Ammu tana nan, Selima tana nan, Moyna tana shan maganinta.

Kin san yadda ake yi da wasiƙunki a gidan nan. Bayan la'asar in zauna a baranda, Ammu a kan tabarma, Selima tana tsince shinkafa, in karanta da ƙarfi. Haka na yi. Mun yi dariya a wajen ƙugiyar kifi. Na ci gaba da karatu, bakina ya riga idona, har na furta "auren zumunci kamar naku, ba ya warkewa" kafin in san abin da na faɗa. Ammu ta dafa bango ta tashi ta shige ɗaki. Ita ta haɗa auren nan da 'yar ƙanwarta, kin sani, kina cikin masu rakiyar amarya. Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Ta ce da ni, "Ashe ni na yi wa yarinyar nan haka."

Ban karanta sauran ba, ba na kuma buƙata.

Likitoci uku sun ga Moyna da idonsu. Ke kina can kina kallon zare a gilashi, kika yanke mata hukunci daga wasa ɗaya da na rubuta miki. Ban tura ki karatu don ki dawo ki auna jininmu ba. Kuma Selima tana da ciki wata huɗu. Da na so in gaya miki cikin farin ciki.

Ki kula da karatunki.

Anisur Rahman

*

Nabipur
15 ga Nuwamba

Tuni,

Assalamu alaikum. Ni ce Bhabinki. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji takwas na tsaya. Ina lafiya, cikin ma lafiya, amai ya tsaya. Yayanki bai san na rubuto ba. Ba ɓoyewa nake ba, bai tambaya ba ne.

Na ciro wasiƙarki daga cikin littafin lissafi inda ya cusa ta. Na karanta har ƙarshe sau biyu.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na daɗe da sanin zuciyar Moyna a dama take. Tun tana jaririya in na rungume ta a nan nake jin bugun. Na gwada da 'yar maƙwabciya, tata a hagu. Na yi shiru, na ɗauka wani abin kunya ne da za a ce daga wajena ya fito. Ranar da mai hoto ya juya fim ɗin, shi da yayanki suna dariya, ni na san ba fim ɗin ba ne.

Maganar auren zumunci ba ta dame ni yadda yayanki yake zato ba. Shi ne abin ya soka. Ni shekara bakwai ana ce mini na shafa wa 'yata tarin fuka. A bakin famfo mata suna janye tulunansu. In an yi biki a ba Moyna kofi daban, in mun tafi a fasa shi, na taɓa jin ƙarar da kunnena. Jiya ta tsaya a bakin shinge tana kallon yara suna tafiya makaranta, ta ce, "Ma, in na riƙe tarin har a tashi fa?"

Kin rubuta cewa ba a ɗauka daga wani. Wannan gaskiya ne, ko don ki kwantar mana da hankali kika faɗa? Sannan na cikin nan fa? Kada ki yi mini irin maganar likitoci. Ki faɗa mini kamar muna wanke-wanke.

Selima

*

Bangalore
23 ga Nuwamba

Bhabi,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na sake karantawa a zaune a kan matakala. Allah ya raba lafiya.

Gaskiya ne. In abin da nake zato ne, ko daga kofi ɗaya suka sha da yaran gari duka babu wanda zai ɗauka. Amma zato ne har sai an gwada, a nan Bhaiya yana da gaskiya.

Na cikin kuma, ga yadda yake. Ke da Bhaiya lafiyarku ƙalau, kowannenku yana ɗauke da abin ne a ɓoye. Wataƙila ni ma ina ɗauke da shi. A kowane ciki, kashi ɗaya cikin huɗu ne yaron zai zo da shi, kashi uku ba zai zo da shi ba. Babu wanda zai iya gaya miki yanzu. Amma in an sani tun kafin haihuwa, akwai abin da za a shirya.

Na yi kuskure a yadda na rubuta. Na ji na gano wani abu, zumuɗi ya ɗebe ni, na rubuta muku kamar ina rubuta wa malamina rahoto. Na manta da baranda, na manta da Ammu. Ki gaya mata mutanen da ba su haɗa ko kaka ba ma suna haifar irin yaran nan. Ki ce mata auren da ta haɗa shi ne ya kawo mana ke, ban kuma san abin da ta taɓa yi da ya fi wannan ba.

Ke kada ki hau jirgi kwana biyu da ciki. Ana ba makarantu hutu a ƙarshen Disamba. In Bhaiya zai kawo Moyna, zan tsaya a tasha. In ba ya son yi mini magana ma ba komai, ya miƙo mini hannunta kawai.

Tuni

*

Bangalore
30 ga Disamba

Bhabi,

Assalamu alaikum. Dukanmu lafiya. Moyna ta ci wainar shinkafar mutanen nan guda huɗu ta ce ba daɗi. Za su taso ranar Litinin, amma na san ba za ki iya jira ba, Bhaiya kuma na san rabi zai gaya miki.

A tasha ya sauko riƙe da jaka, ya ce, "Kin rame." Shi ke nan gaisuwar. A cikin keke mai inji Moyna ta raɗa wa gwaggonta, wato ni, "Phupu, Ma ce ta kama kan Abbu da hannu biyu ta ɗora a ƙirjina, ta ce ya saurara, in ya ji a hagu ta yarda ta yi ƙarya." Yana jin ta, yana kallon titi.

Likitar ta fara da na'urar duba ciki. Zuciya a dama, hanta a hagu, komai ya juya, amma komai lafiya. Sannan ta ɗauko wani ɗan siririn buroshi za ta goga cikin hanci. Moyna ta ƙi. Na ce a fara da ni. Bhabi, hawaye ya zubo mini shar, na yi atishawa bakwai. Yarinyar nan ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta miƙa nata hancin, ko motsi ba ta yi ba.

Muka kai abin da aka gogo daga hancinmu duka biyu ɗakin gwajinmu cikin ruwa mai ɗumi. Na barbaɗa wasu ƙananan ƙwayoyi a ruwan don a ga inda yake tafiya. Na fara sa nawa. Gashin yana kwantawa yana tashi kamar gonar shinkafa in iska ta bi ta kai, kowane sili ya miƙe ya tura ruwa, ya lanƙwashe ya komo, ƙwayoyin suna wucewa a guje. Sai na sa na Moyna. Gashin yana nan cif, amma a sandare, sai ɗan karkarwa. Ƙwayoyin suna rawa a wuri ɗaya, babu wadda ta gusa.

Na matsa gefe na ba Bhaiya wuri.

Bhaiya ya cire tabarau ya sa ido. Ya daɗe. Ya ce in mayar da nawa, na mayar. Ya ce in dawo da nata. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ai ba su mutu ba. Suna ƙoƙari." Na ce eh, suna ƙoƙari. Ya ce, "Shekara bakwai su kaɗai." Sai ya fita waje. Na bar shi.

Likitar ta sake gwada kakin da hoton, ta ce babu tarin fuka, a tsayar da maganin. Huhun ya ɗan taɓu a ƙasa, amma an zo da sauran lokaci. Ta rubuta takarda zuwa ga hedimasta, ta rubuta wata ta ranar haihuwarki, ki ajiye ta cikin kayan asibiti. An koya wa Bhaiya yadda zai kwantar da Moyna ya dunƙule tafinsa kamar mai ɗiban ruwa ya bubbuga mata ƙirji da baya, safe da yamma. Da farko shafawa yake yi. Matar da ke koya masa ta ce, "Malam, ba fure ba ce, buga." Moyna ta ce, "Abbu, yadda kake buga tebur in aji ya yi surutu."

A bar ta ta yi gudu, ta yi iyo in ruwa mai tsabta ne. Hayaƙin murhu kuma shi ne babban abokin gabanta.

Har yanzu Mahfuza yake kira na. Amma jiya ya ɓare lemo ya ajiye mini rabi a kan littafina.

Tuni

*

Nabipur
29 ga Afrilu, 2006

Tuni,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu ma yanzu lafiya, alhamdu lillahi. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Selima ta haihu ranar sha bakwai ga wata, namiji. Mun sa masa Imtiaz. Ita lafiyarta ƙalau.

Ya yi kuka da kyau, kowa ya yi murna. Zuciyarsa a hagu take, ni kaina na sa kunne, na ce mun tsira. Washegari da safe aka ce za a sallame mu. Selima tana kallonsa tana shayarwa, sai ta ce, "Numfashinsa ya yi sauri." Na ce jarirai haka suke. Ta ce, "Haka Moyna ta yi, kuka ce jarirai haka suke." Ta sa na ciro takardar daga ƙasan jaka. Likitan da ke aiki ranar ya karanta a tsaye, ya sake karantawa, ya ƙirga numfashin yaron da agogonsa, ya ce babu inda za mu. Kafin azahar leɓensa ya fara canza launi, amma yana hannunsu, abin shaƙar iska yana kusa. Kwana tara muka yi. Shekaranjiya muka dawo gida.

Likitan ya ce sai ya yi ƙwari a gwada shi a tabbatar. Ni dai na ji hancinsa, na san abin da za a ce. Da ba don takardar nan ba, da muna kan hanyar Nabipur a bayan keke lokacin da abin ya taso. Ba na iya tsayawa kan wannan tunanin, sai in tashi in nemi abin yi.

Na gina sabon murhu a bayan gida da bututun hayaƙi. Ammu ta ce shinkafa ba ta daɗi a kansa, amma ita ke korar kowa da ya kunna karan rama kusa da ɗaki. Moyna ta koma makaranta tun Janairu. Hedimasta ya karanta takardar a gaban iyaye. Wasu sun yarda, wasu har yanzu suna janye yaransu, ban da ikon zuciyar kowa. Ta ƙara kilo biyu. Tana tari, za ta ci gaba da yi, amma yanzu tarin yana fitar da abu.

Da muka shigo da jaririn ta sa kunne a ƙirjinsa, ta saurara, ta ce, "Nasa a wancan gefen yake, amma tarinmu iri ɗaya ne." Ta ce kada mu damu, in ya girma ita za ta koya masa yadda ake yi. Selima ta juya fuska bango. Ni kuma na ce bari in duba awaki.

Na rubuta miki magana a watan Nuwamba wadda bai kamata yaya ya rubuta wa ƙanwarsa ba. Na iya gyara kuskuren yara da jan biro, nawa ban san yadda ake yi ba. Ki yafe mini.

Mangwaro zai nuna nan da wata ɗaya. Ki nemi hutu ki zo. Kada ki taho da takarda ko madubi, ba don ki duba kowa ba. Ki zo kawai, Ammu ta riga ta shanya miki katifa.

Yayanki,
Anisur